Takwaran Limamin Unguwarsu

Hor Al Anz, Dubai

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Safiya. Allah ya sauke ta lafiya, ya kai ka inda za ka lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka gaishe mini da iyayenta da kyau, ka ce ina yi musu ban gajiyar ɗawainiya.

Na ba Hajiya Balaraba wannan takarda ta kawo maka Kano, tare da takalman da ka manta a ƙarƙashin gado. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ka san ni da waya. Da na ɗauka sai in ɓige da faɗan ko ka ci abinci, ko ka sayi gidan sauro, har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Wannan maganar kuwa ba ta son a katse ta.

Ka ce aikin da ka samu tafinta ne. Za ka zauna a sansanin 'yan gudun hijira can gabashin Kamaru, tsakanin mutanen da suka tsira daga kashe-kashen Afirka ta Tsakiya da masu rubuta abin da ya same su, su faɗa da Hausa, kai ka juya da Faransanci. Ranar da ka gaya mini na ce ashe dai Faransancin da na yi ta yi maka gori a kai zai yi rana. Dariya na yi, amma tun ranar zuciyata ba ta zauna ba, don akwai abin da nake so ka nemo mini a can. Suna ne, sunan mutum ɗaya, ɗan marigayiya Goggo Hawwa. Ina so ya iso gare mu kafin Safiya ta haihu. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga dalili.

Kai da ka gama jami'a ka zo nan taya ni aikin kago, a matsayin mai tuwo ka san Goggo Hawwa, wadda take ƙara maka nama a ɓoye tana cewa ka rame. Wata Hajiya ce daga Garwa ta Kamaru ta ɗauko ta daga irin sansanin da za ka, ta kawo ta nan ta riƙa yi mata girki. Da kasuwa ta juya wa Hajiyar baya ta tattara ta koma, ni kuma na riƙe Goggo, na yi mata biza da sunan shagona, muka raba ɗaki ɗaya. Ita ke tuƙa tuwo da miyar kuka, a ƙulla a leda a kai wa 'yan kasuwarmu na Naif da masu sauka a ƙananan otal ɗin Al Buteen. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa daina ce mini Hajiya ba duk da na hana ta.

Ba mu daɗe tare ba, wata rana da hantsi muna ƙulla tuwo, mahaucin da ke ƙasan benenmu ya fara wasa wuƙaƙensa. Sai ta tsaya da ledar a hannu ta ce, "Ni fa gidan Sarkin Fawa aka kai ni aure, na san ƙarar wasa wuƙa. Amma ranar nan ba daga gidanmu take fitowa ba, daga tsallaken titi ne."

Ni kuwa ko bari ta ja numfashi ban yi ba. Na ce, "Allah sarki, sai haƙuri Yaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ki daina tunawa, kada hawan jini ya kama ki."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ƙulla tuwonta.

Haka muka yi shekaru. Da ta ɗauko zancen sai in kife shi da haƙuri, kamar yadda ake rufe tukunya in ta fara tafasa. A ganina kirki nake yi mata, don haka muka taso, ba a barin mai kuka ya yi nisa. Gaskiyar kuwa, ni ce ba na son ji. Ina da kwantena da zan rufe, ina da masu kaya suna kira daga Kantin Kwari, ba ni da wurin ajiye wannan a kaina. To ka kiyayi wannan haƙurin namu a wurin aikinka. Kalma ce mai kyau, amma tana da lokacinta, kuma lokacinta bayan mutum ya gama ne. In tsohuwa ta fara ba da labari ta yi shiru a tsakiya, kada ka cike mata shirun da addu'a, kada ka ce mata ya isa. Ka zauna. Ko ogan naka yana duba agogo, ka bar shi ya duba.

Ka san abin da ya sa daga ƙarshe na ji labarin? Haƙori aka cire mini. Ita ta raka ni wurin likita, muka fito bakina cike da auduga, kumatuna ya kumbura, ko salati ba na iya yi. Muka zauna a benci a bakin ruwa inda ƙananan jiragen nan suke ɗaukar mutane zuwa tsallake, ina jiran jiri ya sake ni. Ta kalle ni, ta sake kallona, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai ba za ki ce mini haƙuri ba."

Sai ta fara. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Zan rubuta maka yadda ta faɗa, iya abin da na riƙe.

Ta ce, "Garinmu ƙarami ne, yamma da Bangi babban birninmu, kan hanyar Kamaru. A can aka haife ni, a can aka haifi babana. Unguwar Hausawa muke. Tun kafin ranar an daina sayen namanmu, waɗanda muke gaisawa da su suka koma kawar da kai. Da safe suka shigo, da adduna da bindigogin farauta. Ba baƙi ba ne duka, Hajiya. Akwai wanda yake zuwa karɓar ƙashi a gidanmu yana ƙarami. Maigidan yana rumfa, a can suka same shi. Maƙwabciyata Odet ta ja ni ta bayan gida, ni da 'yar autata Maimuna, ta yafa mini zanenta ta kai mu harabar coci. Fada, limamin cocin, ya buɗe ƙofa, muka cika wurin, har kan kujerun ibadarsu muka kwana. Yaron nan ya iso lafiya. Lafiya lau ya iso, da ƙafarsa. Saurayi ne, ya gama koyon ɗinki, har an kai masa kuɗin gaisuwa. Sai ya duba bai ga kakarsa ba, uwar maigidan, ba ta iya tafiya. Ya ce bari ya ɗauko ta. Na so in ce kada ka je. Amma a gaban mutane, ɗan fari, ta yaya zan riƙe shi? Na kawar da kai kamar ban ji ba. Odet ce ta gan su daga baya a bakin rijiyar unguwa, tsohuwar tana goye a bayansa. Ita da mijinta suka rufe su. Mu kuma aka zuba mu a kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Kamaru. Maimuna a sansani ta rasu, gudawa."

Daga nan ta shiga lissafa mutanen unguwar gida-gida, wane da matarsa, wance da goyonta, kowa da sunansa har da laƙabinsa, kamar mai rabon goron biki. Mutum biyu kawai ba ta ambata ba. Mijinta, maigidan. Ɗanta, yaron nan. Ni ma ban ji wani abu ya ɓace ba, don ai haka ake yi, wace uwa ce za ta kama sunan ɗan farinta? Da ta gama ta ce, "Halas, shi ke nan. Tashi mu tafi, miya tana jira."

Da a nan na tsaya da na gode Allah. Amma ka san bakin uwarka. Da kumburi ya saɓe, sai labarin ya zama abin da nake ba mata 'yan'uwana a shago muna jiran a auna kaya. Ba da mugunta ba, so nake su tausaya mata su riƙa sayen tuwonta. Sai dai duk faɗa ɗaya sai na ƙara gishiri kaɗan, wadda ta ji ita ma ta ƙara nata. Rannan wata 'yar kasuwa daga Zariya ta zo har gida karɓar abinci, ta kama hannun Goggo tana hawaye ta ce, "Baiwar Allah, ke ce aka yanka 'ya'yanki biyar a gaban idonki?"

Goggo ta zuba mata abincinta, ta raka ta bakin ƙofa. Da ta dawo ta ce mini, "Hajiya, ɗaya ne. Kuma ban gani ba, faɗa mini aka yi. Ɗayan bai ishe ki ba?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kai kuma sana'arka ke nan, maganar wani a bakinka. In mace ta ce an faɗa mata, kada ka juya ka ce ta gani. In ta ce ba ta sani ba, ka ce ba ta sani ba. Kada ka gyara mata labari don ya fi taɓa zuciyar mai rubutu, kada kuma ka rage don kana jin nauyin faɗar abin da aka yi wa mata. Akwai masu jiran a kama ƙarya ɗaya su ce duka ƙarya ne, ba a kashe kowa ba. Kuma abin da ka ji a can ba na hira ba ne a majalisar abokanka, ko a wurin Safiya. Na mai shi ne, aro aka ba ka.

Akwai kuma wata wauta da na yi, gajeriya ce amma gara ka sani. Wata mata daga Bangi ta zo shago za ta aika takalma, da gicciye a wuyanta. Da na ji daga inda ta fito sai na haɗe rai na ce kwantena ta cika, ta gwada gaba. Goggo tana wurin, ta kawo abincin rana. Sai ga ta tana yi wa matar magana da yarensu na can, har da tafawa, ta zuba mata tuwo ta ƙi karɓar komai. Da matar ta tafi ta ce, "Hajiya, fushin nan na waye? In nawa ne, ban aike ki ba. Zanen da na tsira a cikinsa na mai irin wannan sarƙar ne." Za ka ji abubuwan da za su sa jininka ya tafasa, ka ji kamar ka tsani duk wani mai irin sunansu. Ka tuna kai ba ka kwana a cocin nan ba. Kuma in wani daga cikinsu ya zauna gabanka da nasa labarin, don su ma an kashe musu, ka juya masa maganarsa daidai yadda za ka juya ta Goggo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna lokacin da ciwon ƙodarta ya tashi muka kwantar da ita a asibiti, kai kana Kano wajen hidimar bikinka. Wata la'asar na kai mata kunu, ta sha kaɗan ta ture. Ta ce, "Hajiya, zan roƙe ki abu. Ba ni da kowa, kin sani. Daga gidanmu har gidan maigidan, ban san wanda ya rage ba. In Allah ya ba angon nan namiji, ki mayar mini da yaron nan. A riƙa kiran sunan a wani gida."

Na ce, "An gama, Yaya. Wane suna ne?"

Wallahi sai matar nan, da furfurarta, da robar ruwa a hannunta, ta sunkuyar da kai kamar amarya. Na ga leɓenta yana motsi. Ta yi ƙoƙari, na gani da idona. Can ta ce, "Takwaran limamin unguwarmu ne. Malam Ƙarami ake ce wa yaron nan."

Ni kuma na gyaɗa kai na ce, "Allah sarki, to," kamar na san limamin, kamar a bayansa na yi sallar Idi. Kara ce ta hana ni. Na ga babba ce, ga ciwo, ga kunya ta rufe ta, na ce kada in takura mata, gobe in ta ji sauƙi na sake tambaya. Alhali dabarar ba ta da wuya, kowace mace a garinmu ta san ta. Sai in riƙa jero sunaye, Muhammadu ne, Abubakar ne, Usmanu ne, Haruna ne, in na faɗo kansa ta ce uhum, ko ta kawar da kai. Ko tafasar ruwan shayi ba za mu kai ba mun gama. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai a mota ina komawa gida. Washegari na tarar an sa mata na'urar numfashi, ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na tambayi duk wanda na san ya fito daga ƙasar, a Naif da wajen masu zinare, babu ɗan garinsu. Na sa an nemo mini lambar Hajiyar Garwa, ta ce ita ma yaron nan kawai ta taɓa ji. Kullum in na yi sadaka sai in ce Allah ka kai ladan ga ɗan Hawwa, ka san shi. Na san ya san shi. Amma alkawarin da na ɗauka ba na sadaka ba ne, kuma ba a raɗa wa jariri ɗan Hawwa a kunne.

To ga yadda za ka yi. Sunan garin na faɗa maka tun kana nan, in ka manta ka tambaye ni. Ka nemi tsofaffin da suka fito daga can, maza, don su ne suke zama da liman. Ka ce kana neman labarin gidan Sarkin Fawa na Unguwar Hausawa, da saurayin tela da ake kira Malam Ƙarami, wanda aka samu a bakin rijiya da kakarsa. Da yawa za su ce maka ai Malam Ƙarami shi ne sunansa, don ba su taɓa jin wani ba. Kada ka tsaya nan. Ka tambayi sunan yanka na limamin da yake kan limanci lokacin da aka haife shi, ba wanda ya gaje shi ba. Shi ma za su ce maka Liman, ko Malam. Ka nemi sa'ansa, ko wanda ya yi karatu tare da shi, ko ɗan'uwansa. In mutum ɗaya ya faɗa, ka sake ji daga bakin wani wanda ba su zauna tare ba. In ba ka samu ba, ka ce mini ba ka samu ba. Kada ka ga na damu ka zaɓo mini suna mai daɗi don hankalina ya kwanta, na riga na yi wa matar nan ƙari sau ɗaya, ba za a sake ba.

Na san zaɓen suna haƙƙinka ne, kuma dangin Safiya suna da nasu burin. Roƙo nake yi, ko da yake ka san irin roƙona. In mace ce aka samu, ai Hawwa ba ta ɓata ba, sai mu ajiye ɗayan har Allah ya kawo namiji.

Kuma ba don mu kaɗai nake faɗa maka wannan ba. A layin da za a yi a gabanka akwai iyaye mata irin Goggo. Za a ce su faɗi waɗanda aka kashe musu, su jero kowa, su tsallake na farko, ko su ce wancan, ko babban. Masu rubutun baƙi ne, abin da suka ji shi za su rubuta, su tafi da takardu cike da ƙanne babu yayye. Kai ne kaɗai a teburin ka san abin da ake tsallakewa. Ka tambaya a hankali, Inna, na farin fa? Kada ka ce sai ta faɗa da bakinta. Ka jero mata sunaye, ko ka nemi ƙawarta da ke gefe, ko ka tambayi takwaransa ka bi sawu har ka samu. Kada a tashi daga zaman sai an rubuta shi.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka tafasa ruwa kafin ka sha. In abin da kake ji ya fara hana ka barci, ka faɗa wa wani, kada ka yi irin taurin kan babanka, Allah ya jiƙansa.

Tun rasuwar Goggo akwai abin da nake juyawa a raina. Ni ma da nawa yaron nan. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kama shi ba, daga Yayansu sai wannan, sai kai. Kana ƙarami ka taɓa faɗuwa daga kan katanga a gaban baƙi, na ci gaba da hirata, sai da suka tafi na shiga banɗaki na yi kukana. Ban ce al'adar banza ce ba, uwata ta yi, kakata ta yi, kuma babu wanda ya fi su son 'ya'yansu. Amma na ga inda ta kai Goggo, a harabar cocin nan da kuma a gadon asibiti. Ga shi yau kai ma za ka inda hankalina ba zai kwanta ba. Ba zan riƙe ka ba, aikin alheri ne, ka je. Sai dai ba zan kawar da kai kamar ban ji ba. Ina jin tsoro, kuma ina son ka fiye da yadda na taɓa bari ka gani.

Bari in rubuta.

Allah ya tsare mini kai, Abdurrahman. Allah ya tsare gabanka da bayanka, Abdurrahman, ya sa ka dawo ka same ni da rai, in faɗa maka shi da bakina.

Mahaifiyarka.